Ki bar Hajiya a ɗakinta, ki nemo mata mai jinya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Kin rubuto cewa mahaifiyarku Hajiya tana asibiti da shanyewar ɓarin jiki, kina neman shawarar inda za a yi jinyarta. Tsakanin gidan kula da tsofaffin da yayyenki na waje suke so a kai ta idan asibiti sun sallame ku, da ɗaukar mai jinya ta zauna da ita a gida, ni dai na biyun zan ce ki yi. Duka biyun mun ɗanɗana a kan Innarmu lokacin da hawan jini ya shanye mata ɓarin dama, a nan Abuja kuma, don haka ba ji na yi a bakin wani ba.

Masu rubuta miki "Allah wadaran ɗan da zai kai uwarsa gidan gajiyayyu" su ɗan sassauta. Wanda bai taɓa ciccibar babban mutum daga gado zuwa bayi da tsakar dare ba, sannan gari na wayewa ya shiga cunkoson hanyar Nyanya zuwa ofis, bai san abin da ake ciki ba. Kuma gidan gajiyayyu na gwamnati, inda ake tara waɗanda ba su da kowa, daban yake da abin da yayyenki ke nufi. Nasu na kuɗi ne, kuɗin ma ba kaɗan ba. Ni ba surutun mutane nake duba miki ba, jikin mara lafiyar nake dubawa.

Gidan da aka fara kai Inna, ba zan kama suna ba, tsakani da Allah wuta ba ta yankewa kuma gadonsu mai ɗagawa ne. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan. Babu mai jin Hausa ko ɗaya a ma'aikatan dare, ga mace da ciwo ya riƙe wa harshe, wadda ko da lafiyarta Turancinta bai wuce gaisuwa ba. 'Yan dubiya sai an duba agogo kafin a bar su shiga, kin kuwa san mutanenmu, mota guda za su ciko daga Zariya ba sanarwa. Kuɗin wata da aka faɗa mana ashe na ɗaki da abinci ne kawai. Famfas, magani, gashi (wato motsa gaɓoɓin da suka shanye), duk takardarsu daban.

Wadda ta riƙe mana Inna a gida kuwa, har gobe ina sa ta a addu'a. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya daga wani babban asibitin gwamnati, bazawara, 'ya'yanta duk sun yi aure. Ranar da ta zo, ko mayafi ba ta cire ba ta yaye zanin gadon, ta kunna fitilar wayarta ta haska dugadugan Inna, ta juya ta ta duba ƙugu da ƙasan baya. Ta nuna mini wani wuri da ya ɗan yi duhu ya yi ɗumi, wanda ni da idona ba zan ce komai ba ne, ta ce nan gyambon kwanciya yake shirin ɓullowa. Sai ta sa aka sayo littafin rubutu irin na 'yan makaranta ta ja layi. Duk awa biyu a juya Inna, a rubuta lokaci da ɓangaren da aka kwantar da ita. Awon jini safe da yamma a rubuta. Abin da ta ci, sau nawa ta yi fitsari, yaushe rabonta da bayan gida, duk yana ciki. Littafin nan muke ɗauka idan za mu ga likita, shi ma sai ya karanta shi kafin ya ce komai.

Abin da ya fi burge ni da ita, ta san yadda za ta sa Inna motsa jiki ba tare da ta kira shi motsa jiki ba. Likitan gashi yana zuwa ya yi nasa ya tafi, Inna ta bi shi da harara. Ita kuwa bayan la'asar sai ta saƙala mata carbi mai manyan 'ya'ya a hannun da ya mutu, ta riƙe mata yatsun suna ja tare, suna istigfari. Da farko ita ke jan duka. A hankali babban yatsa ya fara turo ƙwaya ɗaya da kansa. Ita ta koya wa jikoki yi wa kakarsu alwala a kwance, da miƙa mata dutsen taimama ranar da sanyi ya yi yawa. Daren salla ta ƙunsa mata lalle har a hannun mara lafiyar, Inna tana ta dariya da rabin baki. Ranar da Inna ta kai ludayin kunu bakinta da kanta, rabinsa a wuyan riga ya ƙare, amma sai da aka buga wa kowa waya.

Ba wai don daɗin labari na kawo wannan ba. Mai shanyewar ɓarin jiki, yawancin abin da zai dawo masa a watanni uku zuwa shida na farko yake dawowa, kuma ba allura ce ke dawo da shi ba, maimaici ne, kullum, sau da yawa a yini. Wannan sai mutum ɗaya da ya tare a kan mara lafiya ɗaya. Ma'aikaciyar da aka bar wa ɗakuna da yawa cikin dare, ko tana da tsoron Allah, ba za ta iya juya kowa duk awa biyu ba, balle ta zauna jan carbi.

Ki lura da cin abinci sosai, nan ne ake yawan rasa su ba a sani ba. Ciwon yakan taɓa haɗiya, abinci ya riƙa bin hanyar iska yana sauka a huhu, bayan kwana biyu a ce nimoniya. Kada a ba ta komai a kwance. A zaunar da ita sosai, a ba ta kaɗan-kaɗan, in ta gama ta ƙara kamar rabin awa a zaune. Ruwa tsarara ya fi saurin sarƙe su a kan kunu mai kauri. In kin ji tana tari ko muryarta ta yi kamar mai kurkure baki bayan ta haɗiya, a tsaya a gaya wa likita. Sannan kada kowa ya ɗaga ta ta hanyar jan hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa. Masu zuwa da tawul da tafasasshen ruwa wai za su gasa mata, ki hana su, ɓarin ba ya jin zafi yadda ya kamata, sai fata ta saɓule ba ta ce uffan ba.

Kada ki ɗauka gida araha ne. Za ki nemi gado mai ɗagawa ko na haya, katifar iska, keken marasa lafiya, kujera mai fo, ledar shimfiɗa, na'urar awon jini. Katifar iskar nan da wuta take aiki, in an ɗauke ta daɗe sai ta sace, Hajiya ta koma kwance kan abu mai tauri, don haka ki haɗa ta da inbata ko 'yar sola. Mai jinyar kuma ki biya ta da mutunci. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, mai lasisi da za ta kwana ta tashi da mara lafiya kuwa ta wuce nan nesa. Ki ba ta ranar hutu a mako da wurin kwana mai kyau. Mutum ɗaya ba zai yi dare da rana ba hutu ba, duk haƙurinsa wata rana zai daka wa tsohuwa tsawa. Mu ƙanwar Inna muka ɗauko daga gida tana karɓar ta, mu kuma muka raba ƙarshen mako. Yayyenki tunda sun yarda za su biya gidan kula, su juyo da kuɗin nan, a rubuta abin da kowa zai riƙa turowa da ranar turowa tun yanzu da zuciya ke da taushi. Bayan wata shida waya takan fara wuyar shiga.

Akwai inda zan ce gidan kula ya fi, ban ɓoye miki ba. Idan Hajiya za ta fito da robar abinci ta hanci ko bututun numfashi a maƙogwaro, ko gyambon da ya riga ya yi zurfi, kuma ba ki sami nas ta gaske ba, to wurin da ke da nas dare da rana ya fi ɗakin da babu. Haka wanda gigin tsufa ya kama yana buɗe ƙofa ya fice cikin dare, gida kuma babu kowa da rana. In hakan ta kama, ki ɗauke shi na ɗan lokaci, kuma kada ki zaɓa daga hotunan Instagram. Ki je ba sanarwa, bayan magariba, lokacin da manaja ya tafi gida. Hancinki zai fara ba ki labari tun daga baranda. Ki ƙirga ma'aikatan da ke nan da idonki, ki tambayi wace ce nas a cikinsu. Ki tambaya wa zai yi wa Hajiya wanka da tsarki, mace ko duk wanda ke bakin aiki. Ki tambaya in jiki ya rikice ƙarfe biyun dare wane asibiti suke kaiwa, da wace mota. Ki ce a ba ki takardar yarjejeniya ki tafi da ita gida, ki nemi inda aka rubuta abin da zai faru da kuɗin ajiya in kin ɗauke ta kafin wata ya cika. In suka nuna miki satifiket ɗin CAC a bango, wannan rajistar kasuwanci ce, mai shagon taya ma yana da ita. Ki ce su nuna miki izinin hukumar lafiya ta Babban Birnin Tarayya. Harkar nan sabuwa ce a wurinmu. Cibiyar lafiyar tsofaffi ta farko a Najeriya sai 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan, Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa kuwa dokarta ta 2017 ce amma sai 2021 ta fara aiki. Saboda haka duk mai gida ɗaki huɗu da janareta yana iya kafa allo, idonki ne babban sufeto.

Ba ki tambaya ba amma bari in faɗa miki, daga ranar da aka ji kuna da mai shanyewar jiki, 'yan kasuwa za su yi muku caa. Na farko ejan-ejan masu kawo ma'aikata. Za a kawo miki yarinya cikin farin yunifom a ce nas ce, alhali a kemis ta yi wata shida tana miƙa magani. Masu kiran kansu okzilari, wato mataimakan nas, hukumar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, NMCN, ba ta san da zamansu ba. Ki nemi lasisi ki ga suna da hoto da ranar ƙarewa. In ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce, wato CHEW, ita ma tana da hukumar da ke yi mata rajista da takardarta, kuma mai kyau a cikinsu ta wadatar in ba robobi a jikin Hajiya. Ejan ɗin zai so albashi ya riƙa bi ta hannunsa. Kada ki yarda, ya karɓi la'adarsa sau ɗaya, albashi ki sa a asusun mai aikin da kanki, in ba haka ba rabi zai riƙa ba ta, ita kuma ta huce a kan tsohuwarki ko ta gudu ba sallama. Araha ba ta ado.

Na biyu masu kayan asibiti na hannu. Katifar iska a hura ta a gabanki, a bar ta ta jima, ki ga ko layukan suna tashi suna sauka bi da bi. Keke ki zauna a kai ki taka birki.

Na uku su ne suka fi haɗari, masu maganin "shanyewar ɓarin jiki cikin sati biyu", na roba da na garin itace da na shayi, wasu ma 'yan'uwa ne za su kawo da kyakkyawar niyya. Za su nuna miki lambar NAFDAC. Lambar da ake ba maganin gargajiya mai harafin L a ƙarshe ba shaida ce ta yana warkarwa ba, ki juya kwalbar za ki ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Duk wanda ya ce a ajiye maganin hawan jini a koma nasa, ki raka shi bakin ƙofa. Wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu, kuma ƙwayar nan da ake rainawa ita ke tare shi.

Ki fara neman mai jinyar yau, kada ki jira takardar sallama. Ki tambayi nas-nas ɗin ɗakin da Hajiya ke kwance, sun san abokan aikinsu da suka yi ritaya suke neman irin wannan. In kin samu, ki kawo ta asibitin ta yini biyu tare da su, ta ga yadda likitan gashi ke ɗaga Hajiya da zaunar da ita, ta karɓi jerin magunguna daga bakin likita. Ɗakin kuma ki zaɓi na ƙasa mai kusa da bayi, a naɗe kafet, a jawo gadon daga jikin bango yadda mutum biyu za su iya tsayawa ta kowane gefe.