Gumbo ko jambalaya: wanne ya fi dacewa da taron gida?

Anti, kin ce surukarki ta dawo daga jihar Luwiziyana ta Amurka ba ta da zance sai na gumbo da jambalaya, kina son sanin bambancinsu da wanda za ki girka wa baƙi ashirin ranar Asabar.

Duka biyun abincin Kajun ne, jikokin Faransawan da Ingila ta fara kora daga gabashin Kanada a 1755, da yawansu suka sauka a fadamun kudancin Luwiziyana. Mutanen karkara ne, girkinsu na tukunya ɗaya ne mai ciyar da gida guda. Tushen kowanne albasa ce da seleri (wani kayan lambu mai dogayen karare) da koren tattasai. Daga nan hanya ta rabu: gumbo miya ce da ake zuba wa farar shinkafa, jambalaya kuwa shinkafar a cikin romon take nuna, kamar dafa-dukarmu.

Gumbo rayuwarsa da mutuwarsa suna ga abin da suke kira ru. Fulawa ce da mai, kofi da kofi, ki zuba a tukunyar ƙarfe mai kauri, ki yi ta juyawa a madaidaiciyar wuta. Zai tashi daga fari, ya koma kalar tunkuza, ya ci gaba da duhu har ya yi kamar cakulan. Minti 40 ke nan ko fiye kina tsaye, ba amsa waya, ba leƙa yara. Da kin ga baƙaƙen ɗigo a ciki ya ƙone, zubarwa za ki yi ki sake sabo, don ɗacin ba ya ɓuya. Ki kuma kiyayi fallatsinsa, yana manne wa fata. Idan ya yi, ki watsa su albasa su kashe masa zafi, ki riƙa tsiyaya romon kaza kina juyawa, ki sa naman, ki bar shi ya yi awa biyu yana ɓararraka a hankali.

Kada sunan kuɓewa ya sa ki zaci miyar yauƙi ce. Gaskiya ne ana danganta kalmar gumbo da sunan kuɓewa a harsunan Bantu, kuma bayin da aka kwasa daga Afirka suna da hannu dumu-dumu a girkin yankin. Amma su sukan soya kuɓewar har yauƙin ya mutu, abin da mu za mu kira asara. Wasu ma ba sa sa ta, sai garin ganyen bishiyar sassafras da suka koya wurin ƙabilar Choctaw, 'yan asalin yankin, a barbaɗa bayan an sauke. Aikinsa kusan na kuka ne.

Jambalaya ba ta da wannan tsayuwar. Ki soya kaza har ta kama gindin tukunya, ki kankare kamun da albasa da ɗan ruwa, shi ne ke ba ta launin ƙasa-ƙasa. Kofi ɗaya na shinkafa, biyu na romo, ki rufe minti 25, kada ki buɗe. Ta Kajun ba ta da tumatir. Jar, mai tumatir, ta mutanen birnin New Orleans ce. A garin Gonzales na Luwiziyana har gasarta ake yi duk shekara a manyan tukwane kan itace.

Abin lura: sosej ɗin da suke sawa a duka biyun, andouille, na alade ne. Ki musanya shi da na saniya ko ƙyafaffiyar kaza, domin ƙamshin hayaƙin ake nema.

Ni dai ranar Asabar jambalaya zan ce ki yi. Hannunki ya riga ya san shinkafa, kuma ba a koyon ru da baƙi ashirin a falo. Ki dai shirya wa mai cewa jalof ɗin nan ba ta ji tumatir ba. Gumbo ki gwada shi da kaza ɗaya wani dare a lokacin hunturu, ki rage na gobe, don ya fi daɗi idan ya kwana.