Na je Huaqiangbei, ga abin da na gani

Ƙanena, bayan gaisuwa, na je Huaqiangbei, kasuwar kayan lantarkin nan ta birnin Shenzhen a China da ka dame ni a kanta. Daga Guangzhou jirgin ƙasa mai gudu ya kai ni Shenzhen cikin kusan rabin awa. Ka ƙaddara an ɗauko Farm Centre ta Kano an jera ta hawa-hawa a cikin benaye, kowane teburi cike da wayoyi da rizisto da ƙananan fitilu.

Allon Arduino Uno da kake nema, ƙaramin allon nan da ake sa wa manhaja ya sarrafa na'urori, na same shi wajen yuan 20. Asalinsa na Italiya ne, a garin Ivrea aka fara Arduino a 2005, kuma masu shi sun saki zanensa ga kowa, shi ya sa masana'antun nan ke buga nasu. Yawancinsu guntun CH340 ne a bakin USB, sai ka sa manhajarsa kafin kwamfuta ta gane allon. Kada ka ga shiru ka ce jabu na aiko maka.

Matar da na saya a wurinta ba ta bar ni na tafi ba sai da ta jona kowane allo, muka ga 'yar fitilar ƙafa ta 13 (ƙafafu su ne wuraren jona wayoyi a allon) tana ƙyaftawa. Ciniki kuwa da kalkuleta muka yi, ta buga, na buga.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan. Na juya wayoyin wani sensa na zafi, ya ƙone har da ƙauri. Da dare na yi odar wani ta waya, washegari yana hannuna. Sai na tuna yadda ka jira naka daga Legas makonni, ya iso ba ya aiki, ka naɗe hannu wata guda. Yaron Shenzhen yana ƙona kaya ba fargaba, shi ya sa hannunsa ke saurin faɗawa. Amma wallahi a riƙon dalma, yaranmu masu gyaran waya ba su da abin jin kunya, wuta da kayan gwaji kawai suka rasa.

Don haka komai bibbiyu na saya maka, har da ESP32, wani allo irin Uno amma mai wayifai. Batiri ne ban sa ba, masu kago sun ƙi karɓa. Uno bolt 5 yake ci, fawa bank ɗinka ya ishe shi in an ɗauke wuta. Ƙafafun ESP32 kuwa 3.3 ne, kada ka ba su 5. Ka gaida Inna.