Maɗin ɗinyar wata Inna a Kasuwar Dole: da tsada, amma ba algus

Duk mai neman maɗin ɗinya na gaskiya a Damagaram, wanda ba a ƙara masa yawa da ƙonannen sukari ba, ya shiga Kasuwar Dole ranar Alhamis, ya nufi wajen mata masu kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawar batso. Akwai wata dattijuwa da ke zama a kan tabarma da goruna jere a gabanta cikin babban kwano, kowa Inna yake ce mata. Gorar rabin lita jika ɗaya da rabi ce, wato sefa 1.500, ƙarama kuma dala ɗari. Ya fi na maƙwabtanta tsada, kuma ba ta ragi ko na dala. Na gwada rokonta irin namu na mata, da "haba Inna, ai ni ƴarki ce", ta yi dariya ta ce ƴaƴan nata ma da ta haifa haka suke biya.

Abin da ya sa nake komawa wajenta shi ne ɗanɗanon. Maɗinta baƙi ne wuluk a cikin gora, amma in kika ɗiga shi a farin faranti kika ja da yatsa, gefen yakan yi ja-ja. Yana da kauri, yana bin cokali a hankali. Zaƙinsa ba mai hawa kai ba ne, yana zuwa ne da ɗan bauri a ƙarshen harshe, irin wanda duk wanda ya tsotsi ɗinya yana yaro ya sani, ga kuma ƙamshin hayaƙin itace a bayansa. Na algus kuwa zaƙi ne tsagwaronsa, sai ɗacin ƙuna ya biyo baya, kuma in ya kwana biyu a ɗaki za ki ga sukari ya kwanta a gindin gorar. Na Inna ya yi makonni a wajena bai yi haka ba.

Surukata ce ta yanke hukuncin ƙarshe, don ita mutuniyar wajen Dungas ce, da maɗi aka yaye ta. Na zuba mata a kunun tsamiya ban ce komai ba. Ta kurɓa, ta yi shiru, ta sake kurɓa, sannan ta tambaye ni wa ya zo daga gida. Wanda ya san ta ya san ba ta yabon abin kasuwa.

Tsadar ma in aka bi ta da hankali tana da dalili. Ɗinya ba itaciyar tudun Damagaram ba ce, da duwatsunmu da ƙarancin ruwanmu. Tana son ƙasa mai laima, bakin fadama ko kwari, shi ya sa sai an gangara kudu, wajen Magarya da Dungas da Matamaye da kwarin Korama, ake ganinta sosai. Daga can ake kawo wa Inna a buhu idan damina ta ja baya, kuɗin mota a kanta. Sannan ɗan ɗinya kusan duk ƙwallo ne, naman da ke jikinsa ɗan kaɗan ne. Yadda ta bayyana mini aikin: a tsince, a wanke, a jiƙa, a murje da hannu har naman ya rabu da ƙwallon, a tace, sannan a ɗora ruwan a wuta ana juyawa tun safe har rana ta karkata, yana ƙonewa yana raguwa har ya yi kauri. Itacen girki kuwa kowa ya san kuɗinsa a garin nan. Babbar tukunya ce ke komawa ƴan goruna. Mai son riba da sauri, a nan ne yake zuba sukari ya sauke tukunya da wuri.

Ta ƙara da wani abu da ya burge ni. Ɗanyar ɗinya kore ce mai ɗigo-ɗigon fari, kuma masu sayarwa da yawa tun tana haka suke kaɗo ta, su rufe ta a ɗaki ta yi baƙi. Inna ta ce wannan ta tsotso ce, ba ta maɗi ba. Ita wadda ta nuna a uwa ta faɗo da kanta take nema, don ta fi zaƙi, baurinta kuma bai kai na waccan ba.

A gidanmu ya fi tafiya a koko da kunu, sai fura in nono ya yi tsami da yawa. Da masa mai zafi ma ba a magana. Yara suna shafa shi a burodi kafin su tafi lakwal, su fita da baki baƙi ƙirin. A shayi dai ban ji daɗinsa ba, baurin biyu suna karo.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Gorunan nata tsofaffin gorunan ruwa ne da na lemo. Tana wanke su, na gani da idona, amma murfin wasu ya saki, ɗaya ta tsiyaye mini a jaka ta ɓata mini mayafi, kuma tabon maɗi ba ya fita da wanki ɗaya. Babu takarda a jiki, babu ranar da aka dafa, sai dai ki tambaya ki yarda da abin da aka ce miki. Na taɓa samun ɗan yashi a gindin wata gora, alamar tatar ranar ba ta yi kyau ba. In zafi ya tsananta kuma aka bar shi a buɗe, yakan fara kumfa a sama yana neman tsami, ga kiyashi da ke jin ƙamshinsa tun daga zaure. Alewar ɗinyar da take sayarwa dala biyar-biyar ita ma ba ta kai maɗin ba. A nan kam akwai sukari, ba ta ma ɓoye ba, ta ce yara ba sa sayen wadda babu. Ta yi tauri sosai, mai haƙoran girma ya yi hankali.

Wani abin da ya ƙara mata daraja a idona shi ne ba ta tallar magani. Kwanakin nan saƙonni na yawo a WhatsApp cewa ɗinya na gyara al'adar mata, tana kawo haihuwa, tana kaza da kaza. Tushen maganar shi ne ɗinya na cikin wani babban dangin itatuwa da masana tsirrai ke kira Vitex, mai iri wajen 250, yawancinsu a ƙasashe masu zafi. Ɗinyar biri ma tana ciki. Ɗaya daga cikin dangin, wata ƴar ƙaramar itaciya mai shuɗin fure da ke fitowa a ƙasashen gefen Bahar Rum, ita ce Turawa ke yin ƙwayoyi da ƴaƴanta don matsalolin al'ada. Dangi ɗaya ne, amma itaciya daban ce, kuma abin da aka faɗa a kan waccan bai zama na tamu ba. Mutanenmu dai sun daɗe suna cewa maɗi na ƙara jini, suna ba mai jego. Da wata mata ta matsa wa Inna da tambaya a gabana, cewa ta yi: "Ƴata, ni abin sha nake sayarwa. In ciwo ne, ga likita can." Mai ciwon sukari kuma kada sunan ɗan itace ya ruɗe shi, zaƙi ne aka tara wuri ɗaya.

Kukan da Inna take yi na itatuwan ɗinyar ne. Ta ce kowace shekara sai an ƙara nisa kafin a cika mata buhu. Na yarda da ita, don wanda ya bi hanyar Magarya zai ga yadda gawo ya dawo gonaki tun da manoma suka fara barin tsiro daga shekarun 1980, amma ɗinyoyin da ake gani yawanci tsofaffi ne. Ƙwallonta na da tauri, yana jinkirin tsirowa, ga masu sassaƙa na son itacenta, ga mu mata muna jiran sabon ganyen, ɗinkin, mu yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ɗinkin ma Inna tana kawo shi a lokacinsa, dafaffe, kuma yana da kyau, sai dai yakan ƙare tun hantsi.

Maɗin ba ya kai wa duk shekara. Daga kaka zuwa tsakiyar sanyi ne ake samunsa a wadace, bayan nan sai sa'a. Ki je kafin azahar, ki tafi da kwalbarki mai murfin kirki ta zuba miki a ciki, kuma ki ce ta ɗiga miki a bayan hannu ki lasa kafin ki biya. Ba ta hanawa.