Sharhi kan allurar Detectnet: abin da jan ƙarfe-64 ya sauƙaƙa a ɗakin PET, da inda yake wahalarwa

Detectnet allura ce ta jan ƙarfe-64 da aka ɗaura wa sinadarin DOTATATE, ana yi wa manya kafin hoton PET, wato hoton da na'ura ke ɗauka daga hasken da allurar ke fitarwa a cikin jiki, don gano ƙarin NET, wato irin ƙarin da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke fitar da homon, galibi a hanji, fankiriyas ko huhu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a Satumbar 2020, kamfanin Curium ne ke rarraba ta. Wannan sharhi daga ɓangaren masu aiki da ita ne, waɗanda suka saba da galiyom-68, sinadarin da ake irin wannan hoto da shi, kafin zuwanta.

Babban abin yabonta lokaci ne. Ƙarfin galiyom-68 yana raguwa da rabi duk bayan minti 68, shi ya sa dole a haɗa shi a asibiti ko kusa da shi, mara lafiya kuma in ya makara, allurar ta lalace. Jan ƙarfe-64 sai bayan awa 12.7 yake rasa rabin ƙarfinsa. A saikulotiron, injin harba ƙwayoyin zarra, ake yin sa, ana harba furoton kan nikel-64, a kammala haɗi a masana'anta, a aiko da shi a 'yar kwalba cikin tukunyar dalma. Ba janaretan tatsar galiyom, ba haɗi da safe. Kwalbar tana ɗauke da 148 MBq (ma'aunin ƙarfin sinadarin) cikin mililita 4 a lokacin da aka rubuta a jikinta, kuma ana amfani da ita cikin awa 2 bayan wannan lokacin. Kada tsawon awa 12.7 ya ruɗi kowa ya ajiye ta zuwa yamma.

Yin allurar ba wuya. A auna sirinji, a tura ta jijiya cikin kusan minti ɗaya, a bi da ruwan gishiri, a sake auna ragowar da ta maƙale a sirinjin. Ana fara ɗaukar hoto tsakanin minti 45 zuwa 90. Mara lafiya ya sha ruwa sosai kafin da bayan allurar, ya yawaita fitsari. Mai shayarwa ta dakatar da nono na awa 12. Abin da aka fi mantawa shi ne maganin da mutum yake kai: oktireyotaid da 'yan'uwansa, magungunan da ake ba masu wannan ƙari, suna zama a kan ƙofofin ƙwayoyin ƙarin da allurar take nema. Mai dogon aiki ana so a bar kwana 28 tsakani, mai gajeren aiki kwana 2, don haka ranar hoton ta faɗo daf da allurar maganin ta wata mai zuwa.

Hoton kansa yana da kaifi. Fositiron ɗin jan ƙarfe-64, wato ƙwayar da yake fitarwa wadda ke haifar da hasken hoton, a matsakaici ba ya wuce kusan milimita ɗaya a cikin nama kafin ya mutu, na galiyom kuwa yana yin milimita da yawa, wannan ne ya sa ƙananan kaluluwa suke fita tsaf. A asibitin Rigshospitalet na Kwapanhagen an gwada shi da galiyom-68 DOTATOC a kan mutum 59, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna jan ƙarfe ya kama wuraren ciwo na gaskiya fiye da ɗaya allurar.

Amma hasken da na'ura take samu kaɗan ne. Kusan kashi 18 cikin ɗari na rugujewar jan ƙarfe-64 ne kawai ke ba da fositiron, na galiyom kashi 89. A tsohuwar na'ura, in aka bar mintocin ɗaukar kowane sashe na jiki kamar na galiyom, hanta takan fito da ɗigo-ɗigo, musamman a mai jiki, kuma hanta ce inda wannan ƙari ya fi bazuwa. Magani shi ne a ƙara lokacin ɗauka a kan ciki. Kuskuren da ya fi wannan haɗari yana cikin kwamfuta: in aka bar zaɓin sinadari a kan fulorin-18, wanda nasa kashi 97 ne, lissafin SUV, wato ma'aunin yawan allurar da nama ya ɗauka, zai faɗo ƙasa da gaskiya sosai, hoton kuma a ido ba zai nuna an yi kuskure ba. Na'urar auna sirinji ma tana da lambarta ta jan ƙarfe-64, a tabbatar da ita da irin kwalbar da sirinjin da ake amfani da su tun kafin mara lafiya na farko.

Wajen karatu, saifa, ƙoda, hanta, mafitsara da halittun saman ƙoda duk suna ɗaukar allurar ba tare da ciwo ba. Ƙasan kan fankiriyas ma yakan yi haske, an sha ɗaukarsa ƙari. DOTA, maɗaurin da ke cikin DOTATATE, ba ya riƙe jan ƙarfe gam, kaɗan yakan kuɓuce ya tafi hanta, shi ya sa ake gwada wani maɗauri mai suna sakofajin, wanda kuma ake haɗawa da jan ƙarfe-67 don ƙona ƙarin. Wannan har yanzu a matakin gwaji yake. Mara lafiyar da hotonsa ya nuna ya cancanci jinya, lutishiyom-177 DOTATATE ake ba shi.

Nauyin haskawar da jiki ke ɗauka kusan 4.7 mSv ne, ban da na hoton CT da ake ɗauka tare da PET. Shara kuwa sai an tanadar mata wuri daban. Sirinjin galiyom yana hucewa cikin dare ɗaya, na jan ƙarfe sai ya yi fiye da kwana biyar a akwatin dalma, a auna shi, sannan a fitar.