Inda ya kamata mai ciki ta yanki katin awo a Kano

Da zarar ciki ya bayyana, abin da maigida da iyalinsa suke fara shawara a kai shi ne inda za a yanki katin awo, da kuma inda mace za ta haihu. A Kano zaɓin bai wuce huɗu ba: manyan asibitocin gwamnati, ƙananan asibitocin unguwa da ake kira sha-ka-tafi, asibitocin kuɗi, sai kuma zama a gida a hannun ungozoma. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma abubuwan da suka fi kashe su sanannu ne, wato zubar jini bayan haihuwa, jijjiga da hawan jini ke jawowa, doguwar naƙuda, da shigar ƙwayoyin cuta. Duk waɗannan ba sa jiran gari ya waye, saboda haka ni ma'aunina a kan kowane asibiti shi ne abin da zai iya yi wa mace da tsakar dare idan jini ya ɓalle mata.

A kan wannan ma'auni, manyan asibitocin gwamnati ne zaɓina, kuma ba na ɓoyewa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, da Asibitin Murtala Muhammad da ke cikin birni, da Asibitin Muhammad Abdullahi Wase na Nasarawa, duk suna da abubuwan da ƙaramin wuri ba zai iya haɗawa ba: ɗakin tiyata, likitocin mata da masu ba da maganin barci da ke karɓa-karɓa dare da rana, ma'ajiyar jini, da ɗakin gwaje-gwaje. Idan jariri ya zo bakwaini ko shawara ta kama shi, akwai hanyar saka shi a kwalba ko a ƙarƙashin fitila ba tare da an yi ta yawo da shi a gari ba, ga kuma Asibitin Yara na Hasiya Bayero domin abin da zai biyo baya. A asibitin Murtala ne cibiyar Laure ta masu yoyon fitsari take, kuma duk wanda ya taɓa leƙa irin wannan wuri ya ga 'yan mata ƙanana da doguwar naƙuda ta nakasa, ba zai ƙara ɗaukar jinkirin tiyata da wasa ba.

Wahalar waɗannan asibitoci a fili take. Mace za ta fita da sassafe ta zauna a benci har azahar kafin a auna ta, wani lokaci a rasa gado, wani lokaci yajin aiki ya tsayar da komai, kuma cunkoso yakan sa ma'aikaci ya gajarta magana. Asibitin koyarwa ya fi na jiha tsada. Na jiha kuwa suna ƙarƙashin tsarin kula da masu ciki kyauta, ko da yake mai hankali ba ya zuwa hannu rabbana, domin akan rubuto wasu kaya a ce a sayo. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, saboda haka yana da kyau a tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya ko asibitin yana cikin shirin. Ma'aikacin gwamnatin jiha kuma ya binciki rajistarsa da KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, tun cikin yana ƙarami. Duk macen da aka taɓa yi wa aiki, ko mai hawan jini, ko mai sikila, ko mai ɗauke da tagwaye, ko wadda ta haihu sama da biyar, ko yarinya mai cikin fari, a ganina babban asibiti ne kaɗai wurinta, komai tsawon layi.

Ƙaramin asibitin unguwa yana da amfaninsa ga mai lafiyayyen ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau huɗu zuwa sau takwas, kuma kusanci ne ke sa mace ta iya cika su, ta karɓi maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar tetanus. Sharaɗin kawai shi ne ma'aikatan su faɗi asibitin da suke turawa idan abu ya gagara. Asibitocin kuɗi akwai nagari a cikinsu, amma nagarin sun fi ƙarfin yawancin mutane. Haihuwar gida kuwa, ungozoma komai ƙwarewarta ba ta da ledar jini a cikin ƙwaryarta.

Abin da ya sa na nace a kan jini, a gidanmu na gani. Ƙanwata ta yi awo a wani asibitin kuɗi na unguwa mai tayil da talabijin a ɗakin jira, kuma ta haihu lafiya da daddare, sai jini ya ƙi tsayawa. A nan ne muka gane likitan da sunansa ke jikin allo ba ya kwana a wurin, yaran da ke sanye da fararen kaya kuma babu mai takardar aikin jinya a cikinsu. Suka ɗaura mata ƙarin ruwa, suka ce mu nemi mota. A Adaidaita Sahu muka ɗauke ta, mahaifiyarmu tana riƙe da ledar ruwan a sama, zanin da aka naɗe ta da shi ya jiƙe sharkaf kafin mu isa babban asibiti. Allah ya yi da sauran kwana.

Irin waɗannan wurare sun yi yawa, kuma gane su ba shi da wuya ga wanda ya cire kunya ya yi tambaya. A Kano hukumar PHIMA ce ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, ta kuma sha rufe waɗanda ba su cika ƙa'ida ba, don haka a nemi ganin takardarta a bango, a duba ko ta bana ce. Likita na gaskiya yana da lasisin MDCN, wato hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, ungozomar asibiti da nas suna da na majalisar ma'aikatan jinya da ungozomomi, kuma ba sa fushi don an tambaya. Wanda ya harzuƙa ya ce ana raina shi, a ɗauki jaka a fita. A yi hattara da mai kemis da ya ware ɗaki a bayan shago yana karɓar haihuwa, da mai na'urar hoton ciki da bai san abin da yake kallo ba sai faɗin mace ce ko namiji.

Mafi haɗari a cikin duka ita ce allurar naƙuda. Oksitosin magani ne mai ceton rai idan an ba da shi bayan haihuwa domin tsayar da jini, amma idan jahili ya ɗirka wa mace shi don naƙuda ta yi sauri, mahaifa tana iya fashewa, a rasa uwa da ɗa. Bayan haka, allura ce da ake ajiyewa a firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, saboda haka wadda ta wuni a kan kanta cikin zafin Afrilu ƙarfinta ya ragu ko da lambar NAFDAC tana jikinta. Haka nan masu tsayawa a bakin ƙofar asibiti suna tallan jini. Duk jinin da ba a gwada shi a kan ƙanjamau da ciwon hanta ba, bai kamata a yarda ya shiga jikin kowa ba.

Akwai kuma abin da allon asibiti ba ya nunawa, wato yadda ake kula da zuciyar mace. A ranar awo a lura ko akwai labule tsakanin gadaje, ko ana yi wa mace bayani kafin a taɓa ta, ko ana barin uwa ko yaya ta kasance kusa lokacin naƙuda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Mai jegon da ta daina barci ko da jariri yana barci, take kuka ba dalili, ta ƙi abinci, ko ta ƙi ɗaukar ɗanta, mu kan ce iska ce ko maita, a tsaya ga ruƙiya kaɗai. Addu'a ba ta hana ganin likita, kuma a nan ma babban asibiti ya yi zarra, domin asibitin koyarwa yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Idan ta fara maganar cutar da kanta ko jaririn, ranar za a kai ta. Iyaye mata masu kula da jego su ma su sassauta kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa, domin likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta su da ciwon zuciya bayan haihuwa. Kumburin ƙafa da haki ga mai jego alama ce ta komawa asibiti.

Ko wane asibiti aka zaɓa, kafin ciki ya shiga wata tara a san rukunin jinin mace. Idan nata mai alamar ragi ne, wato negative, a tanadi allurar anti-D mai kare jariran da za ta haifa nan gaba, wadda ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa. A kuma samu mutum biyu a dangi da aka gwada jininsu suka amince za su bayar, tare da lambar direban da zai ɗaga waya da daddare.