Hattara da dillalan da ke sayar da 4x4 na bogi

Jama'a, duk mai shirin sayen a-kori-kura ta hannu ya ji abin da ya same ni, kada ya faɗa ramin da na faɗa.

Mai jan taya huɗu nake nema, saboda hanyar da nake bi ba ta da kyau in ruwa ya sauka. Wani dillali ya nuna mini wata doguwa mai manyan tayoyi, ga 4x4 ɓaro-ɓaro a gefen bodi. Ya murɗa maɓalli, fitila ta kama a gaban sitiyari. Muka zaga da ita kan kwalta, lafiya lau. Da na ce mu sauka kan ƙasa mu gwada, sai ya ce, "Haba yallaɓai, yanzu aka wanke ta, ga wani can ma yana jira da kuɗinsa." Na biya.

Ranar da ta fara shiga laka asiri ya tonu. Tayoyin baya suna ta wulwulawa suna watsa taɓo, na gaba ko gezau. Makanike ya shiga ƙarƙashi, bai yi minti ɗaya ba ya ce, "Oga, zo ka gani." Farfelar gaba, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba, babu ita, sai gurbinta da ramukan kusoshi, tsatsa ta ci bakin. Ashe ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya ne ya lalace, suka kwance farfelar don kada a ji ƙara. Dillali kuwa tun ranar wayarsa a kashe.

Wai ni ma da sauƙi, in ji makaniken. Akwai waɗanda ake sayar wa motar da tun daga kamfani baya kaɗai take ja, a ɗaga ta, a liƙa mata sitika. Wata ma ba sai an ɗaga ta ba: Toyota ta yi Tacoma samfurin PreRunner, tsayinta kamar na mai jan taya huɗu, alhali biyu take ja. Kamfani bai ɓoye ba, dillali ne ke yin shiru.

To ka durƙusa ka leƙa da kanka. Ta gaske tana da farfela biyu, ɗaya ta yi baya, ɗaya ta yi gaba ta shiga wani tulun ƙarfe tsakanin tayoyin gaba. Ka duba lambar shasin mota (VIN) mai haruffa da lambobi 17 a intanet, sau da yawa za ta nuna yadda aka ƙera ta. Sannan ka kai ta kan ƙasa ko yashi, ka tsaya cak, ka cire giya, ka sa 4L, wato giyar jan taya huɗu mai ƙarfi da tafiya a hankali, sannan ka mayar da giya ka tashi. In ta shiga, za ka ji inji na gurnani motar na rarrafe. Kada ka yi wannan gwaji a busasshiyar kwalta, yana wahalar da ƙarafan. Fitila dai ba shaida ba ce, ɗan waya ne ake haɗawa.

Abin da ya fi ci mini rai, da mai jan biyu na saya da sanina, da ta fi araha, ta fi sauƙin mai da gyara, kuma ga mai yawo kan kwalta ta wadatar. Ni kuwa kuɗin huɗu na biya, ga tawa can a gareji ana neman giyabos.