Manhajar ta san nisa, amma ba ta san iska ba

Na sauke manhajar nan mai lissafa nisa da tsawon tafiya tsakanin filayen jirgin sama saboda yabon da ake ta yi mata, kuma da farko ta burge ni. Na rubuta filin jirgin Heathrow na Landan, na rubuta na JFK da ke New York, kafin ƙiftawar ido ta ba ni kimanin kilomita 5,550, har da zanen hanyar da ta lanƙwasa ta arewa, ta saman Ayalan da gefen Kanada. A nan na fahimci layin da ya yi kama da baka a taswira shi ne mafi gajarta, tunda duniya a mulmule take.

Lokaci ne ya kashe ni. Ta ce awa 6 da minti 40 daga Landan zuwa New York. Jirginmu zai tashi 11 na safe, na cire bambancin awa 5 da ke tsakanin biranen, na ga ƙarfe 1 saura za mu sauka. Sai na sayi tikiti daban daga New York zuwa birnin Atlanta na ƙarfe 3, ina jin na yi dabara. Tikitina na farko fa ya rubuta wajen ƙarfe 2 za mu isa, na ce ai kamfanonin jirgi sun saba ƙara lokaci don kada a ce sun makara.

Muna tsakiyar teku na duba allon da ke bayan kujerar gabana, na ga saura awa 4 bayan mun riga mun ci kusan 4. Gabana ya faɗi. Dattijon da ke gefena ya ga na kasa zama, ya tambaye ni lafiya, da na gaya masa sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, iska muke kara da ita." Ashe a can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, mai zuwa Amurka yana tura ta, mai dawowa ita ke tura shi. A Fabrairun 2020 ma ta kai wani jirgin British Airways daga New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56. Manhajar kuwa nisa kawai take rabawa da gudun kusan kilomita 900 a awa, ta ɗan ƙara mintoci, zuwa da dawowa amsarta ɗaya.

Ƙarfe 2 muka sauka. Kafin in gama da bizar shiga da ɗaukar jaka, jirgin Atlanta ya yi gaba. Sabon tikiti na saya, na kwana a kan benci, jaka ce matashina.

Da na huce na ce laifina ne, wa ya aike ni in ƙaryata tikiti? A dawowa ma lissafinta ya kusa dacewa, har na yi niyyar ba ta tauraro huɗu. Amma da na sake buɗe ta na ga har yanzu ko layi ɗaya babu da ke gargaɗin cewa ba a sa iska da jiran titin tashi a lissafin ba, sai ciwon wuyan bencin nan ya dawo min sabo. Tauraro biyu, su ma albarkacin taswirar.